Yadda Woɗe Take Tashi

Asabar ɗin farko ta dogon hutun da na gama aji biyar, ana tsakiyar damina, ina zaune a barandar gidanmu da ke Kurudu da kyamarar ofishin Baba a hannu, na ƙwala ihun da ya fito da Mama daga kicin da ludayi. Ba abin da ya cije ni. Wata 'yar mota ce na haɗa da bulolin wasa, irin ƙananan bulolin robar nan da ake maƙala ɗaya a kan ɗaya, na ɗauke ta hoto wajen sau goma, kowane ɗauka ina ɗan matsar da ita don neman inda haske ya fi kyau. Da na zo dubawa sai yatsana ya daɗe a kan maɓalli, hotunan suka shiga wucewa da gudu a ɗan gilashin bayan kyamarar, sai ga mota tana tafiya ita kaɗai, ba hannun kowa. Na sake dannawa, ta sake tafiya. Mama ta leƙa, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Yanzu Hafsatu saboda wannan kika sa na baro miya a wuta?" Ta koma kicin abinta, ni kuwa ranar ko abincin rana ban ci da natsuwa ba.

Lokacin shekara goma ke nan da soja suka koma bariki, Abuja tana ta kumbura kamar ƙullin da aka sa wa yis. Duk wanda kuɗin haya ya koro daga cikin gari sai ya gangaro wajenmu ya kafa bulo. Gidanmu ne na ƙarshe a layi. Bayan katangarmu gonakin masara da doya ne na Gwarawa, sai wani ɗan rafi, sai rugar Fulani. Baba yana aiki a wata ma'aikatar tarayya, sashen masu duba hanyoyi, kuma shi ya kawo mini bokitin bulon nan tsaraba da aka tura su kwas ƙasar waje, haɗe da takardar da ke nuna yadda ake haɗa katafila. Na haɗa katafilar sau ɗaya don ya ji daɗi, kashegari na wargaza ta. Kyamarar kuwa ta aiki ce, takan kwana gida daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Litinin. Ya yarda in taɓa ta bisa sharaɗi biyu: kada ta faɗi, kuma in goge duk abin da na ɗauka kafin ya fita ranar Litinin. "Kar oga ya buɗe a mitin ya ga shirme," in ji shi.

Daga ranar na daina 'yar gala-gala da carafke, ƙawayena na layi suka yi ta sallama har suka gaji. Da na gama shara da wanke-wanke na cika randa, sai in baje buloli a baranda. Fina-finaina na farko ba su da kyan gani, gara in faɗa da bakina. Komai rawa yake yi, don hannuna ba ya tsayawa wuri ɗaya. Na ɗora kyamarar a kan littattafai, ta riƙa zamewa duk lokacin da na danna. A ƙarshe na saci mudun shinkafa daga sito, na shimfiɗa leda, na binne gindin kyamarar a ciki, ta zauna daram. Sai haske ya ɓullo da nasa rikicin: hoto ɗaya fes, na biye duhu, fim yana ta ƙifta ido. Na yi kwana biyu ina zargin batir kafin na gane hadari ne yake gilmawa ta gaban rana, wani lokaci kuma inuwar hijabina ce. Na koma ɗaki, na rufe taga, na kwantar da kwalin indomi a gefensa ya zama fage, na kunna fitila mai caji. Abin da ke faɗuwa na liƙe ƙafarsa da cingam. Yatsana da ke leƙowa cikin hoto kuwa ba dabarar da ta yi maganinsa sai haƙuri.

Da mota ta ishe ni sai na ce saniya zan yi, saniya tana kwance ta tashi. Jajayen buloli sun fi yawa a bokitin, saboda haka ja ta zama, da ƙahoni farare. Na ɗauke ta a kwance, na ɗaga mata gaba na ɗauka, na ɗaga baya na ɗauka. A ganina ba a taɓa yin abu mai kyau irin wannan ba. Ran nan da hantsi Inna Hajjo ta yi sallama. Bafillatana ce daga rugar bayan gidanmu, doguwa, ta manyanta, kullum takan sauke ƙwaryar nono da man shanu a barandarmu, su taɓa hira da Mama kafin ta wuce talla. Na tura mata kyamarar a fuska ina washe baki. Ta ƙanƙance ido ta kalla, ta ce in sake. Na sake. Sannan ta kira sunana yadda ta saba faɗarsa, ta ce, "Hansatu, wannan kare ne ko doki?" Na ce saniya ce mana, ga ƙaho. Ta ce, "Ƙaho kam na gani. Amma saniya ba ya tashi haka." Mama ta yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa na ji kamar in nutse.

A wannan zaman ne na ji tana gaya wa Mama cewa masu awon fili sun zo sun kafa duwatsu a kewayen ruga, an ce gidaje za a yi, an ba su zuwa ɗaukewar ruwa. Za su nausa gaba da Masaka, ko'ina Allah Ya nufa. Ban fahimci nauyin maganar ba a lokacin. Abin da na ɗauka kawai shi ne Inna Hajjo za ta tafi da sunan saniyata kare a bakinta, kuma na rantse a raina ba za ta bar Kurudu ba sai ta janye. Na lissafa, Asabar da Lahadi shida suka rage mini.

Hanya mai sauƙi ita ce in je in ɗauki hoton saniyar gaske in kwaikwaya. Na roƙi Inna Hajjo, ta kafe. Ta ce ita ba a ɗaukarta hoto, ba a ɗaukar shanunta, ido yana da dafi. "In kina so ki gani, zo da idonki," in ji ta. Mama ta yarda in riƙa bin ta idan ta dawo daga talla wajen azahar, in dawo kafin Islamiyya. Haka na riƙa ratsa masara a bayanta, ganye yana yankar hannuna, mu tsallake rafi a kan duwatsu, silifas a hannu. Garken duk yana kiwo a lokacin, sai 'yan maruƙa da wata tsohuwar saniya kwance a gindin ɗorawa tana tuƙa. Ita kaɗai ce ja a cikin fararen shanunsu. Sunanta Woɗe, wai ja ke nan da Fillanci, kuma jikar jikar saniyar da uwar Inna Hajjo ta bar mata ce.

Na tsuguna nesa kaɗan. Inna Hajjo ta ƙyasta harshe sau biyu, ta ce, "Woɗe, umma!" Na ɗauka Umma take kiranta don girmamawa, har na fara gaishe ta da Umma ni ma. Sai da yaran ruga suka gama birgima don dariya aka gaya mini da harshensu "tashi" ke nan. Woɗe ba ta yi gaggawa ba. Ta daina tuƙa, ta miƙa wuya gaba kamar mai leƙen rijiya, ta jefa nauyinta kan gwiwoyin gaba, sai ga ƙugu ya ɗaga sama, ƙafafun baya sun miƙe, gaba yana durƙushe. Baya ake fara ɗagawa! Shekarata goma sha ɗaya ina ganin shanu suna wucewa ta ƙofar gidanmu, ban taɓa kallon ɗaya ba. A durƙushen nan ta ɗan tsaya, ta fitar da ƙafar dama, ta sake tsayawa, sannan ta jawo ta hagu da ƙyar, don wata ƙaya da ta taɓa sukarta. Ta gantsare baya, ta kaɗa wutsiya sau ɗaya. Na tambaya me ya sa doki yake farawa da gaba ita da baya. Inna Hajjo ta ce in je in tambayi doki.

Saniyata ta bulo ba ta da gwiwa, ƙafafunta sanduna ne. Na zazzage bokitin a kan tabarma ina tono, har na ci karo da 'yan mahaɗan nan masu lanƙwasa da aka yi don hannun katafila. Guda huɗu ne cif. Na ba kowace ƙafa ɗaya, katafilar Baba ta tashi daga aiki har abada. Asabar ta biyu na nuna wa Inna Hajjo, ta ce, "Yanzu saniya ne. Amma wa ya sa masa wuta?" Gaskiyarta, zabura take yi. Sai na gane motsina ya yi girma. Na ɗauki tsinken ashana ya zama ma'aunina, kowane hoto kada gaɓa ta wuce kaurinsa. Hoto goma ya koma arba'in, gwiwoyina suka yi kanta a kan siminti. Asabar ta huɗu ta ce, "Tashin ya yi, amma wannan saniyar kowa ne." Na kwana biyu ina juya maganar, ina wanke-wanke ina durƙusawa ina miƙewa har Mama ta tambaya ko cikina ke ciwo. Abin da na rasa shi ne tsayawar nan. Ban san ana ɗaukar rashin motsi ba. Ashe sai ka cire hannunka, ka danna sau biyar ba ka taɓa komai ba, sannan abin ya yi numfashi.

Lahadin ƙarshe Inna Hajjo ta zo ba ƙwarya a kanta, sallama ta zo yi. Na ji tana gaya wa Mama a hankali cewa Woɗe ba za ta iya tafiyar ba, ƙafar ta ƙi, mahauta sun zo jiya sun tafi da ita. Ina tsaye a bakin ƙofa da kyamara, na rasa ko in fito ko in koma. Kunya ta kama ni, na ga abin nawa wasan yara ne a ranar da ba ta wasa ba. Ita ce ta hango ni, ta ce, "Kawo karen naki mu gani."

Na tsuguna kusa da ita, na kare gilashin da tafin hannu saboda rana. Hoton farko ya fito, jar saniya kwance, kai yana ɗan motsi. Ban riga na gaya mata komai ba sai na ji ta ƙyasta harshe sau biyu a gefen kunnena, ta ce ƙasa-ƙasa, "Umma." Na danna. Wuya ya miƙe, ƙugu ya ɗaga, aka tsaya a durƙushe, dama ta fito, aka sake tsayawa, hagu ta biyo da ƙyar, wutsiya ta kaɗa sau ɗaya. Duka bai wuce ƙiftawar ido biyar ba. Inna Hajjo ta sa bakin zanenta ta goge gilashin, ko da yake ba abin da ya same shi, ta ce in sake. Sau bakwai muka tashe ta, kowane karo sai ta kira kafin in danna. A na ƙarshe ta ɗora hannu a kaina ta ce, "Woɗe ce." Tun da na san ta ban taɓa jin ta ce wa saniya "ce" ba sai ranar. Na ci gardamata, amma kuka ne ya zo mini, na gudu ɗaki.

Da safiyar Litinin Baba ya tsaya da makullin mota a hannu yana jira. Da na roƙe shi na san zai bar mini, ko ya juye mini a ofis. Ban roƙa ba. Mai saniyar ta ce ba a ajiye hoton shanunta, kuma jiya da bakinta ta ce wannan tata ce. Na goge su ɗaya bayan ɗaya, na miƙa masa kyamarar.

Yanzu inda ɗorawar nan take wani rukunin gidaje ne mai ƙofar ƙarfe da masu gadi, rafin ya koma kwalbati. Ban sake jin labarin Inna Hajjo ba, ko da yake duk lokacin da na bi hanyar Keffi nakan rage gudu in na ga mata da ƙore. 'Yata tana yin irin fim ɗin nan da wayata, wayar ce take riƙe haske, take nuna mata inuwar hoton baya, abin da ya ci mini wata biyu ta gama kafin shayi ya huce. Fim ɗinta ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba. Kwanan baya ta kawo mini wata saniya da ta yi, na kalla, na ce ta sake. Da gaba ta fara tashi. Na buɗe baki in ce ta zo mu je ta gani da idonta, sai na tsaya ina tunanin inda zan kai ta.