Yadda Surukina Ya Yi wa Murjanina Rumfa

Surukina bai taɓa ɗaukata mutumin kirki ba. Ba wai yana ƙina ba ne, a'a, kawai dai a wurinsa namijin da bai iya jefa homar kamun kifi a ruwa ba, bai kuma iya dashen albasa ba, da sauransa. Shi mutumin Argungu ne, masunci kuma manomin fadama. Ni kuwa malamin kimiyya ne a wata sakandare a Birnin Kebbi, hannuna lumus sai ƙurar alli. Abin yana ci mini rai, ko da yake ban taɓa faɗa wa matata ba.

Ana cikin haka na ƙara wa kaina abin magana. Na sa aka kawo mini murjani mai rai daga Legas, reshe ɗaya tak kamar ɗan yatsa, na ajiye shi a akwatin gilashi cike da ruwan gishiri a falonmu da ke unguwar Gesse. Murjani halittar teku ce, ido zai ce dutse ne, amma yana girma, kuma rabin abincinsa daga haske yake samu. Ranar da surukina ya fara ganinsa ya daɗe yana leƙe.

"Malam, ina kihin?" ya tambaye ni.

"Babu kifi, Baba. Wannan nake kiwo."

Ya dubi 'yarsa da tausayi, ya nemi buta.

Daga nan na shiga yaƙin fitilu. Na fara da dogon ƙwan lantarki fari, irin na aji. Ba ya zafi, amma haskensa bai kai ko'ina ba, murjanin ya yi ruwan ƙasa, ya zauna yana kallona ba gaba ba baya. Na sauya da wata ƙatuwar fitila mai ƙarfi irin ta filin ƙwallo. Haske kam masha Allahu, sai dai na manta a Kebbi nake, kuma bazara ce. Ruwan ya yi ɗumi kamar na wankan jariri. Na koma jefa ƙanƙara a leda cikin akwatin safe da rana, har matata ta daina yin zoɓo don na cinye mata firji. Ta yi magana, na yi fushi, don na san ita ke da gaskiya. Dole na cire fitilar, na mayar da dogon ƙwan nan mai raunin haske na wasu makonni.

Fitila ta uku ita ce ta zamani, mai ƙananan ƙwayaye shuɗɗa da farare. Ba ta zafi, ba ta cin wuta, sola ma tana ɗaukarta. Falon ya koma shuɗi, har wani maƙwabci ya tambaye ni ko maganin ƙuda ne. Don zumuɗi na murɗa ta har ƙarshe. Cikin 'yan kwanaki murjanin ya fara fari daga sama, alamar mutuwa ke nan. Wallahi na tsorata, abinci ma ya daina shiga.

A makon ne surukina ya zo Birni ganin likitan ido, ya sauka wurinmu. Na so in lulluɓe akwatin da zane, ban samu dama ba. Ya tsaya, ya dubi fitilar, ya dubi farin da ke kan reshen.

"Yaushe kas sa mai wagga wuta?"

"Kwana tara, Baba."

"Da can inuwa shike?"

"Kusan haka ne."

"Kuma rana ɗaya kas sake mai ita duka? Haba Malam! Ko irin albasa ba a yi mai haka. Ciyawa muka shimfiɗa mai, kullum a ɗebe kaɗan, har shi saba da rana. Kai ƙona shi kay yi."

Na buɗe baki zan kawo bayanin littafin kiwon murjani da nake karantawa, sai na tuna littafin ma abin da ya ce ke nan, a shafin da na tsallake. Kafin in ce ai fitilar tana da abin ragewa, har ya fita. Ya zaro ciyawa daga zanan garken awakin maƙwabcinmu, ya jera ta a kan murfin akwatin. Kunya ta hana ni taɓa ta. Ya ce duk bayan kwana biyu in cire ƙwaya uku, kada in ƙara.

Haka na yi. Baƙi suna shigowa su ga fitilar zamani a kan rumfar ciyawa, ni kuwa in basar. Da ya dawo bayan wata guda, launi ya fara komawa, ƙananan bakunan murjanin sun buɗe suna kaɗawa a ruwa. Ya kai hannu kusa, ya bubbuga gilashin, suka tsuke gaba ɗaya.

"Subhanallahi! Ashe da gaske shina da rai," ya ce.

Ya ja kujera ya zauna gabansa har la'asar. Da zai tafi matata ta raka shi ƙofa, ni ina bayan labule ina yi kamar ina neman takalmi.

"Mijinki bai da dabara," na ji ya ce mata. "Amma mutumin da ka rama don dutse bai lahiya, ba shi bari ki wulakanta. Ki riƙe shi da kyau."

Na daɗe tsaye a wurin da takalmi ɗaya a hannu.