Kasuwar da Likita Ba Ta Rubuta Ba

Duk wanda ya san Gidan Rumji ya san Asma'u mai ƙuli-ƙuli. Shekara talatin tana zaune gaban kasko, ta matse man gyaɗa, ta soya, ta ɗanɗana, ta sake ɗanɗanawa. Jiki ya yi ta buɗewa, mata na cewa, "Tubarkalla, mijinki Sabo ya iya kiwo!" Ita ma daɗin maganar take ji, har gwiwoyi suka ce sun gaji.

Ba ciwon ne ya fi cin ranta ba. Shekara biyu ke nan a kan kujera take salla, goshinta bai taɓa ƙasa ba. Malamai sun ce ya halatta, ta sani, amma duk ta sallame sai ta ji kamar ta ci tuwo ba miya.

Mijinta Sabo ya kai ta asibiti. Likitar, wata Rukaiya, ta ɗora ta a sikeli, ta lallatsa gwiwar, ta yi bayani a gurguje don layi ya yi tsawo, ta rubuta takarda. Asma'u ta bar wa mai gida karatun, tunda ya yi lakol, wato makarantar boko, har aji shida, kuma ba ya bari a manta.

A gida ya sa tabarau, ya yi gyaran murya. "Marshe, kullum, minti talatin. Marshe kasuwa ce da Faransanci."

"Kasuwa, Malam? Mi kasuwa za ta yi ma gwiwa?"

"Ke kika yi lakol ko ni?"

Abin ya ɗaure mata kai. Iskar kasuwa ce maganin, ko ganin mutane? Kullum sai ta hau kabu-kabu ta je rumfar ƙawarta, ta zauna tana shafa gwiwa ko za ta ji sauyi. To wa zai zauna kusa da mai tsire ya tsaya haɗiyar yawu? Bayan wata ɗaya sikeli ya ƙara kilo biyu.

Da suka koma asibiti Rukaiya ta ji labari, ta yi dariya har da hawaye. "Baba, marsh na rubuta, tahiyar ƙasa! Marshe ta kasuwa tana da ɗan ƙaho bisa harafin ƙarshe." Sabo ya ce ai laifin rubutun likitoci ne, kamar kaza ta yi tono.

Daga nan aka fara na gaske. Tun hantsi bai yi ba take fita a hankali cikin rairayi mai laushi, da farko iyakarta gawon bayan gari, daga baya har rijiya. In ta zauna ta miƙe ƙafa ta ƙirga goma. Tuwo malmala ɗaya, kwaɗon zogale, fura ba sukari. Barin ɗanɗanon ƙuli-ƙuli ne ya fi ba ta wuya, wallahi har kuka ta taɓa yi. Maƙwabta suka koma tambaya, "Lahiya kike ramewa haka?"

A wata na bakwai, da la'asar, ta ture kujerar gefe ta kabbara a tsaye. Gwiwa ta yi ƙara, ta daure, ta sauka. Goshi ya taɓa tabarma.

Shiru, shiru, ba ta ɗago ba. Sabo ya tsorata. "Asma'u! Gwiwar ce ta riƙe?"

Sai da ta sallame ta juyo, fuska sharkaf da hawaye. "Haba Malam, don mi kake gaggauta ni? Maganar shekara biyu gare ni da Ubangijina a nan ƙasa, ko rabi ban faɗa ba."