Ranar da Motar Baba Ta Faɗi Ciwonta a Damagaram

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya daga Tasawa. Ƙanena ne a sitiyari, Baba a gefensa, ni ina baya rungume da ƙwaryar fura. Masu tambayar ina na shige makon jiya, to Damagaram muka je, kuma mota muka kai a duba lafiyarta.

Motar Baba ce, fara da ta daɗe da komawa ruwan ƙasa. Ta Kwatano aka shigo da ita tun ina ƴar lakwal, ƴar firamare. Da ita ya yi jigilar fasinja zuwa kasuwannin ƙauye, da ita ya ciyar da mu har ya aurar da mu. Da idonsa ya yi rauni, ya daina gane fuska sai dai haske da duhu, sai ya miƙa wa ƙanena makulli. Bara ta fara ciwo: baƙin hayaƙi, shan esansi, wato fetur, kamar a rairayi ake zuba shi, ga wata ƴar fitila ruwan ɗorawa da ta kunnu a gaban direba ta ƙi mutuwa. Makanikan garinmu sun canza duk abin da hannunsu ya kai. Yayyenmu suka gaji, suka yi magana da masu sayen tsohon ƙarfe. Baba bai yi musu ba, abu ɗaya ya roƙa. Ya ji an ce a Damagaram akwai na'urar da ke tambayar mota abin da ke damunta, a kai ta a tambaye ta kafin a farfasa ta.

Ƙarshen damina ne, gero ya sunkuyar da kai dama da hagu har iyakar gani. Gudron, wato kwalta, ba laifi, sai ramuka jefi-jefi. A wani shinge jandarma ya leƙo, ya dubi hayaƙin da muka taho da shi, ya tambaye mu ko gawayi muke toyawa a but. A Takeita muka tsaya karin kumallo, inda hanyar Kano ke haɗuwa da tamu. Ƙosai ya ƙanƙance, kuɗinsa kuwa bai ƙanƙance ba, amma yajinsu ya biya mu. Da muka zo tashi mota ta ƙi. Masu shan shayi suka ajiye kofuna suka tura mu, Baba na yi musu godiya ta taga, kansa a sunkuye.

Na sha jin labarin duwatsun Damagaram, amma ji daban gani daban. Manya-manya ne, sumul, wani a kan wani, har ka ce da ɗan yatsa za a ture na sama, ga gidaje sun rungume su ta ko'ina. Na yi ta siffanta wa Baba. Ya ce yadda na faɗa haka ya bar su, kuma haka kakansa ya ba shi labarinsu.

Garajin da aka kwatanta mana yana can wajen Zango. Mai garajin Babarbare ne, magidanci mai zane a fuska. Yana jin Baba Bafillace ne ya washe baki.

Ya ce, "Baba, Bafillace da mota? Ina aka baro shanun?"

Baba ya ce, "Na bar wa Barebari suna mini kiwo."

Rabon da in ji dariyar Baba irin ta ranar na manta.

Na'urar, baliz suke ce mata, kamar ƙaramar talabijin ce mai doguwar wutsiya. Bakin wutsiyar yana da haƙora goma sha shida, kuma sai an sami ramin da ya dace da su a jikin mota. Mai garajin ya durƙusa ya haska ƙarƙashin sitiyari, ya lalubi wajen ƙafar direba, ya buɗe akwatin fis. Babu. Na ɗauka tafiyar ta ƙare ke nan.

Shi kuwa ko a jikinsa. Ya yi mini bayani yana aikinsa. Wai motocin yanzu duk tsari ɗaya suke bi, OBD na biyu, shi ya sa baliz ɗaya ke jin maganarsu. A Amurka aka fara tilasta shi tsakiyar shekarun casa'in, Turai ta biyo baya bayan shekarar dubu biyu. Kafin nan kowane kamfani da nasa tsarin, da nasa ramin, da wurin da ya ga dama ya ɓoye shi. Har akwai motocin tsakani masu ramin zamani amma kwamfutarsu ta da ce, ka jona baliz ta yi maka shiru. Don haka ba a yanke hukunci da ido. Ya karɓi kartagiris, takardar mota, ya duba shekarar ƙira. Ya ɗaga murfin inji ya goge wata takarda da ke manne a ciki, wadda in motar ta san sabon tsari akan rubuta a kai. Tamu rana da mai sun cinye rubutun. Ya karanta lambar jikin motar, ya ce don kasuwar Turai aka ƙera ta, kuma ta girmi dokar. Sai ya bi wayoyi da yatsa har ya tsaya a kan wani ɗan baƙin akwati kusa da batir, wanda ƙanena ya sha wankewa bai taɓa sanin yana buɗuwa ba.

Ya ajiye baliz gefe. Ya yanko ƴar guntuwar waya, ya fere bakinta biyu, ya haɗa ramuka biyu a cikin akwatin. Ya ce a murɗa makulli kar a tayar da inji, a zuba wa fitilar nan ido.

Baba ya ce a bar shi ya murɗa. Muka riƙe shi ya zauna a kujerar da ya daɗe da bari. Mai garajin ya shimfiɗa tabarma a kan gilashin gaba don rana ta yi yawa, ciki ya yi duhu. Hannun Baba bai lalubi ramin makulli ba, kai tsaye ya je.

Fitilar da ta shekara a kunne ba motsi ta mutu, ta kawo, ta mutu, ta kawo.

Baba ya matso da fuskarsa har hancinsa na neman taɓa sitiyari. A hankali ya ce, "Ina ganinta."

Ya ce, "Biyu. Ta huta. Biyu kuma. Ga shi ta sake daga farko."

Tun ina yarinya nake shiga motar nan, na yi barci a cikinta, na yi amai a cikinta, da ita aka kai ni ɗakin mijina, ban taɓa sanin tana da hanyar faɗin abin da ke damunta ba. Wasu mutane a wata ƙasa mai nisa suka dasa mata wannan tun kafin ta san zafin ranarmu, ya zauna yana jira a cikin ɗan akwati.

Mai garajin ya duba wayarsa don ya tabbatar, ya ce a motocin wannan kamfani biyu da biyu na nufin ɗan abin da ke gaya wa kwamfuta zafin ruwan inji. Ya mutu, don haka kwamfutar ta ɗauka kullum injin a sanyaye yake, tana ta ɗura masa esansi. Da ya kwance shi bai fi babban yatsana ba.

Kafin a samo madadinsa a kasuwa muka shiga Birni, tsohon gari, da ƙafa, Baba na dafe da kafaɗata. Lunguna masu yashi, ƙamshin fata daga rumfunan dukawa, ga sorayen da aka yi wa ado a fuska da zane mai tudu da kwari. A ƙofar wani gida Baba ya tsaya ya bi zanen da tafin hannu tun daga inda ya iya kaiwa har ƙasa. Mai gidan ya fito, bai tambaye mu ko su wane ne ba, ya kawo mana ruwa da alkaki.

Bayan la'asar aka tayar da mota. Hayaƙin ya washe, fitilar ta mutu. Mai garajin ya damƙa wa Baba guntuwar wayar, ya kama yatsansa ya nuna masa ramukan biyu.

Mun shiga Tasawa da magariba ba tare da kowa ya tura mu ba. Yayyenmu suka zagaya motar, suka saurari inji, maganar tsohon ƙarfe ba ta sake tasowa ba.

Abin da na ƙaru da shi, in motarka tsohuwa ce kuma na'ura ta kasa karanta ta, kar ka ce ta gama. A duba ramin, a duba shekara da ƙasar da aka ƙera ta dominta, a nemi wanda ya san tsarin da. Sauran abin da na gani kuwa har yanzu ina juya shi a raina.

Matsala ɗaya muka dawo da ita. Kullum da hantsi Baba na cikin mota da wayarsa, tabarma a kan gilashi, yana kiran duk wanda ya gitta ya zo ya ga yadda take ƙyafta ido tana cewa lafiyarta lau. Jiya sai da muka kai batir caji.