Bari Ya Yi

Da kaka aka kashe yayana, a gonarmu ta bayan rafi, yana yankan dawa. Ƙauyenmu yana ƙasar Tsafe, waɗanda suka harbe shi kuwa mutanen daji ne da suka zo don babur ɗinsa. Ina makaranta a Gusau lokacin. Kafin in sami mota in iso, an riga an rufe shi. Babanmu ya daɗe da rasuwa, saboda haka bayan zaman makoki Kawu, ƙanen Inna, ya zo ya kwashe ta da 'yan kayanta zuwa gidansa a Bungudu. Ba wanda ya koma ya ɗauko dawar.

Gidanmu Kirista ne tun zamanin kakana. Inna ce ke ba da waƙa a zumuntar mata, sauran su amsa, kuma ko ruwa za ta sha sai ta sa albarka. A Bungudu ta daina duka. Ran Lahadi Kawu da matarsa su tafi sujada, ita ta zauna a tsakar gida. In an yi addu'ar abinci sai ta jira a gama, ta sa hannu, ba amin. Ba ta yi wa kowa faɗa ba, ba ta kuma yawan kuka. Wannan shirun ya fi komai ba ni tsoro. Na riga na rasa yayana, ga shi kuma ina kallo Inna tana fita daga bangaskiyar da ta raine mu a ciki.

Ni ba mai magana ba ne. Ko a aji, in na san amsa sai in bar ta a baki. Abin da na iya shi ne karatu, don haka shi na yi. Na ari littattafai wurin fastonmu na Gusau, na bi su a hankali, ina neman abin da zan kai mata. A ciki na tarar da wani bambanci da ya kwantar mini da hankali: akwai abin da Allah yake yi da kansa, akwai kuma abin da mutane suke yi da 'yancin da ya ba su, shi kuma bai hana ba. Da Turanci aka rubuta, kuma a Turancin maganar ta zauna daram. A cikin motar Bungudu na yi ta juya ta zuwa Hausa, ina gyarawa, har direba ya waiwayo ya ce, “Ɗan makaranta, da wa kake magana?”

Kawu tela ne, a zaure yake ɗinki. Da ya ga jakata ya daina taka keke.

“Malam ya iso. Yau ma littattafai ne tsarabar? Ko ƙuli-ƙuli babu?”

“Babu, Kawu.”

“To shiga. In ta ci takarda ta ƙoshi, ka zo ka gaya min.”

Na same ta a gindin dalbejiya tana tsince wake a faifai. Na gaishe ta, na zauna a bakin tabarma, na daɗe ina kallon hannunta. Sai na fara. Na ce Allah ƙauna ne, ba ya ƙulla mugunta. Na ce mutane ne suka ɗauki bindiga da hannunsu. Sai na kawo maganar da na yi ta gyarawa a mota.

“Inna, ba Allah ne ya yi ba. Bari ya yi.”

Ta ɗago kai. “Mi kac ce, Auta?”

“Na ce ya bari ne kawai.”

“Awo. Ai abin da nike faɗi ke nan. Ya bari. Ya bar shi a gona shi kaɗai, ya bar ni.”

“Ba wannan barin nake nufi ba, Inna. Ina nufin ya ƙyale abin ya faru.”

“Ya ƙyale,” ta ce. “Da kana yaro, in na ga akuya za ta tunkure ka, na ƙyale, mi za a kira ni?”

A littafin kalmomi biyu ne, kowace da wurinta. A bakinmu ɗaya ce: wanda ya bar abu ya faru da wanda ya bar ka ya tafi, duk bari suka yi. Na nemi wata kalma, na gwada yarda, na ga ta fi muni. Inna ta koma kan wakenta. Ta ce in na ga ƙwaro in cire, tunda ina zaune.

Haka muka shiga bazara. Duk ƙarshen mako in hau mota in je, in dawo a gajiye kamar na yi noma. Na kai mata cewa wahala tana gyara mutum, ta ce yayana ba shi da abin gyara da ya kai harsashi. Na kai mata cewa yana wurin da ya fi nan, ta ce ta sani, amma ita tana nan. Daga baya na daina kai komai. In zauna, in taya ta ɓarar gyaɗa, in yi sallama. Ni kaina addu'ata ta gajarce. Karatun makaranta ma ya zama kamar tauna ƙaiƙayi.

A makon Ista aka ba mu hutu, na tafi ran Alhamis. Faston Bungudu ya roƙe ni in yi karatun Littafi Mai Tsarki ran Juma'a, ranar tunawa da mutuwar Mai Ceto, a ɗan cocin su Kawu, saboda mai karatunsu ba ya nan. Da la'asar na zauna a inuwa ina gwadawa a hankali, don kada in yi tuntuɓe a gaban mutane. Ban san Inna tana ji ba. Na kai wurin da Mai Ceto yake kan gicciye, ya ɗaga murya yana tambayar Allah Uba dalilin da ya sa aka bar shi.

“Sake wurin nan,” ta ce daga ƙofar ɗaki.

Na sake.

“Shi ma ya tambaya?”

“Ya tambaya, Inna.” Ta san wurin fiye da ni, ta ji shi kowace shekara tun kafin a haife ni.

“Anka ba shi amsa?”

Na so in yi tsalle zuwa safiyar Lahadi, in ce ai ya tashi daga matattu. Amma ba abin da ta tambaya ke nan ba.

“A ranar dai ba a ba shi ba.”

Kawu ya leƙo daga zaure da tsinin allura a baki, ya dube mu, ya koma.

“Ashe Uban ma an kashe mai ɗa da rana tsaka,” ta ce, “yana kallo.”

Da safe na fito na tarar ta ɗaura zanenta mai duhu, wanda take zuwa gaisuwar mutuwa da shi. Matar Kawu ta fara murna, ta ce Allah mun gode, yau za a ji murya.

“Kada ki fara,” Inna ta ce. “Ba waƙa za ni ba. Ban kuma ce mun shirya da Allah ba. Amma ko faɗa kike da mutum, in an yi mai mutuwa sai ki je ki zauna.”

A benci na baya ta zauna, kusa da ƙofa, wurin da zafi ya fi shigowa. Na tashi na yi karatun. Ba ta dube ni ba, gicciyen katakon da ke bango take kallo. Da aka tashi mutane suka watse, ita ba ta motsa ba. Na je na tsaya kusa da ita, na ce Kawu yana jira a waje.

“Shi jira,” ta ce. “Ba a gaggawa a gidan makoki. Zauna.”

Na zauna.