Shekara Tara Bayan Yaya Sale, An Buɗe Akwatin Mata

A wannan watan na Sha'aban ne yayana Sale, wanda mutanen Kazaure suka fi sani da Sale Majigi, ya cika shekara tara da rasuwa. Duk shekara idan watan ya kama mukan taru a gidansa, a yi sauka, a raba waina, kowa ya kama gabansa. Ban taɓa zaton zan kawo zancensa jarida ba, don shi kansa ba mai son a riƙa ambatonsa ba ne. Bana dai ban je taron ba. Tunda 'yan uwa suna ta tambayar dalili a bayan idona, gara in faɗa a inda kowa zai ji.

Kwanakin baya ina tsinkar zogale na ji wasu samari a rediyo suna ja-in-ja, wai ko kallon fim a waya zai kashe zuwa sinima. Ɗaya yana cewa babban allo da taron jama'a ba su da madadi, ɗayan yana cewa wa zai biya mai adaidaita ya je kallon abin da ke cikin aljihunsa. Sai da na yi dariya ni kaɗai. A nan wajenmu ai an daɗe da binne wannan gardamar. Gidan kallon Yaya da ke bayan tasha yanzu shagon cajin waya ne, a nan ake tura wa yara fina-finai su tafi da su gida. Amma akwai abin da samarin nan ba su taɓo ba. Gidan kallo yana da ƙofa, kuma akwai mutum a tsaye a bakinta.

Yaya ya fara ne da majigi a bayan babur, yana bin ranakun kasuwa: Gwiwa, Roni, Yankwashi, wani lokaci har Babura. Ya sami bangon makaranta ya rataya farin ƙyalle, gari ya taru. Daga baya ya kama rumfa a Kazaure, ya jera benci, ya sa talabijin da bidiyo. Ba waliyyi ba ne. Mutum ne mai saurin fushi, ga maƙo, ga janaretansa mai hayaƙin da sai da maƙwabta suka kai ƙara wurin mai unguwa. Amma ya san duk wanda ya shiga rumfarsa, ya san ubansa. Yaro da kayan makaranta ba ya wuce shi. Idan fim ya zo inda bai kamata ba, sai ya danna ya ja shi gaba, 'yan kallo suna tsaki yana kallon rufi kamar ba da shi suke ba.

Da ya sayi kyamarar ɗaukar biki sai ya ci karo da matsala. Ainihin biki a cikin gida ake yinsa, shi kuwa namiji iyakarsa zaure. A nan na shigo. Lokacin ina sabuwar malamar firamare, ya zaunar da ni ya koya mini yadda ake ɗora ta a kafaɗa, yana faɗa cewa hannuna yana rawa kamar na mai tankaɗe. Daga nan duk bikin da aka kira shi, ya ɗauki na maza a waje, ni in shiga wurin mata.

Maza masu karanta wannan ba ku san iyayenku mata ba idan an rufe ƙofar gida an kifa ƙwarya a ruwa. Matar liman da ba a jin muryarta a titi, za ka ga ta cire ɗankwali ta ɗaura a ƙugu. Tsohuwar da ke tafiya da sanda ta jefar da sandar. Ana waƙa, ana habaici, ana tsokanar uwar ango. Ba fitsara ba ce, hutun mata ne, a tsakaninsu, a cikin gidansu. Da farko in na shigo da kyamara sai wuri ya yi tsit, wata ta ce, "Indo, wa zai ga wannan?" In ce ba mai gani sai ku. Da bakina na faɗi haka a gidajen da ba zan iya ƙirgawa ba, tun daga ƙauyukan bayan duwatsun Roni har bakin iyaka.

Abin da ya sa suka yarda shi ne dokar da Yaya ya kafa. Kaset ɗin mata ba ya kwana a gidan kowa. Da na fito da shi sai ya ɗiga masa jan farce a gefe, ya jefa shi cikin akwatin ƙarfe ya kulle. Bayan biki da kamar mako guda sai mu kai kallo. Ya ɗauro talabijin da janareta, ni in shigar da su tsakar gida bayan la'asar, matan unguwa su cika tabarmi, shi kuwa ya zauna a zaure yana gadin inji. Da an gama, kaset ya koma akwati. Ko mai gidan da ya biya aikin ba ya ba shi. Akwai wani ɗan kasuwa a Babura da ya zube masa kuɗin sefa a gaba don ya mallaki na bikin 'yarsa. Yaya ya ce masa duk ranar da iyali suke son gani a aiko, zai kawo ko da damina ce, amma kaset in ya kwana a waje sai ya haihu. Mutumin ya daɗe ba ya gaishe shi.

Wannan ita ce sinimarmu, mu mata. Ba mu zuwa rumfar bayan tasha, ita ce take zuwa mana. Ba na manta ihun dariyar da ake yi in wata ta ga kanta tana taka rawa. Bayan shekaru kuma kallon yakan canza. A aiko a ce a kawo na bikin wance, don uwarta ta rasu ana son a ga fuskarta. A fara da dariya a ƙare da kuka, a yi mata addu'a, a ci dambu a watse. Duk wadda ta kalla ta san wadda ke zaune kusa da ita.

Da Yaya ya rasu aka zo rabon gado, akwatin ya faɗa hannun babban ɗansa, Nazifi. Ni ƙanwa ce, ba ni da gado inda akwai ɗa namiji, kuma ban nema ba. Abin da na roƙa a gaban dattawa shi ne a ware masu jan farce a ba ni in ƙone. Nazifi ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, aikin Baba ne, ba zan iya ganin an sa masa wuta ba. Wallahi yadda ya riƙe su haka zan riƙe." Yaron nan a bayana ya yi wayo, ni na koya masa baƙi da wasali a aji ɗaya. Na yarda da shi, kowa ma ya yarda.

Watanni kaɗan da suka wuce Hajiya Talatu ta yi sallama a gidana. Mutuniyar Roni ce, ta manyanta, ita ke koyar da matan aure a Islamiyyar unguwarsu. Ko ruwa ba ta sha ba ta miƙo mini wayar jikarta. Sai ga tsakar gidanta na shekaru ashirin da wani abu da suka wuce, ranar kamun 'yarta. Ga ta nan da ɗaurin ƙirji, kai ba ɗankwali, tana juyi a tsakiyar fili. An cire kiɗan ƙwaryar an ɗora wani kiɗa na zamani, an maimaita inda ta girgiza kafaɗa har sau da yawa. A ƙasa kuwa maganganun mutane ne, maza daga garuruwan da ba ta taɓa zuwa ba, suna faɗin abin da ba zan rubuta a jarida ba. Na gane ɗaukar, tawa ce, har da rawar hannun.

Ba ta zage ni ba. Da ta zaga ma da na fi samun sauƙi. Cewa ta yi, "Malama Indo, ke kika ce ba mai gani." Ta gaya mini yara suna kwaikwayon rawar in ta wuce, kuma tun ranar da ɗalibanta suka gani ba ta sake komawa aji ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Washegari na sami Nazifi a shagonsa. Bai ɓoye ba. Ya kai kaset-kaset Kano an juye su a kwamfuta, ya buɗe shafi na tuna baya, yana sakin su ɗaya bayan ɗaya. Har da fara'arsa yake nuna mini yawan masu kallo. Ya ce tarihi yake ceto kafin kaset ya ruɓe, ya ce sunan Baba ya kai ƙasashen da babur ɗinsa bai taɓa mafarkin zuwa ba, ya ce wanda ya ɗora kiɗan banza ba shi ba ne, wasu ne suka yanka. Yaran yanzu akwai iya tsara zance. Na bar shi ya gama tas, sannan na tambaye shi ina na bikin ƙanwarsa Hadiza, wanda mahaifiyarsa ta fi kowa rawa a ciki, don ni na ɗauka kuma ban gan shi a shafin ba.

Ya ɗago ya ce, "Haba Gwaggo, wannan ai Umma ce."

Wannan maganar ce ta hana ni zuwa taron bana. Da ya ce bai san ma'anar jan farcen ba, da na ce ƙuruciya ce. Da ya saki har da na uwarsa, da na ce zamani ne ya juya masa kai, bai ga aibu a ciki ba. Amma ya gani sarai. Ya ware tasa uwar, ya buɗe iyayen wasu. Ban san wani suna da za a ba wannan ba in ba cin amana ba, kuma amanar mamaci, wanda ba shi da bakin da zai kare kansa.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da wannan zamani. Kada a ɗauka zai tsani waya. Mutumin da ya sayar da gonarsa ta gado ya sayi majigi ba maƙiyin sabon abu ba ne. Na tabbata da yana raye da shi zai fara riƙe babbar waya a layinmu, yana ƙorafin tsadar data. Zai ji daɗin cewa matar da ke ƙauye a bayan Gwiwa tana kallon abin da take so ba sai ta jira babur ɗinsa ba. Ni ma ina kallo a waya, ba zan yi ƙarya ba. Amma na san tambayar da zai yi, ita ce wa ke tsaron ƙofa. A rumfarsa in abu ya ɓaci an san wanda za a kama. A nan kuwa na roƙi Nazifi ya sauke na Hajiya Talatu, ya sauke, amma ya riga ya bazu a wayoyin da ba wanda ya san masu su. Wa zan je in durƙusa wa?

Abin da ya sa na yi wannan rubutu shi ne akwatin bai ƙare ba. Fiye da rabi suna nan ba a sake su ba, kuma na ji wasu masu manhajar kallo suna zawarcin sauran gaba ɗaya. Na kai maganar wurin dattawan gidanmu, suka ce in yi haƙuri, kayan gadonsa ne, kada a tona asirin gida. Asirin gida nawa ne a cikin akwatin nan? Don haka duk wanda ya san Sale Majigi ya taɓa ɗaukar biki a gidansu, ya sani uwarsa ko yayarsa tana ciki. Ku je ku same shi da lalama, ba da faɗa ba, ɗan yayana ne har gobe. Wanda kuma abin ya shigo wayarsa, ya dubi Allah ya goge. Kai kuma Nazifi, na san za a karanta maka. Ubanka bai bar maka gida mai bene ba, abin da ya bari shi ne matan ƙasar nan sun yarda da shi, kuma kana sayar da wannan ne ba kaset ba.

In aka ce me ya saura na Yaya bayan shekara tara, rumfa ta tafi, majigi ya yi tsatsa a ɗakin ajiya. Abin da ba mai iya ƙwace masa shi ne ya yi alkawari ya cika har ya koma ga Ubangijinsa, bai taɓa leƙa kaset ɗin mata ba ko sau ɗaya. Hajiya Talatu ma da za ta tafi ta ce ita har yanzu tana sa shi a addu'a, don ba shi ya yi mata ba. Allah ya jiƙansa, ya sa wannan riƙon amanar ya zame masa haske a kabari. Shi ya tafi da mutuncinsa. Mu da muka rage ne muke biya.

Makon jiya aka gayyace ni wunin biki a Gwiwa, gidan da na ɗauki auren uwar amaryar kanta. Na shiga ba kyamara, ba waya a hannu, sai 'yar jakata da turmin atamfa na gudummawa. Ana tsaka da kiɗa. Da suka gan ni sai masu ƙwarya suka sassauta, wata tsohuwa da muka san juna tun muna 'yan mata ta jawo mayafi ta rufe kafaɗa. Uwar biki ta taso da fara'a ta kama hannuna, ta ce Malama zo ki huta a ɗakin nan, ya fi sanyi, ba hayaniya. Aka kawo mini tuwo da nama har da lemo, aka ja labule. Ina zaune na ji kiɗan ya dawo da ƙarfinsa. Na ci abin da zan iya ci, na yi wa amarya addu'a, na nemi mai babur ya mayar da ni Kazaure tun rana ba ta faɗi ba.