Kunne, Mun Gaya wa Tsohon Jirgi

Allah da Ya ba mu aron ka Ya karɓi abinSa ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, bayan jinyar da ta kwantar da kai wajen wata biyu. Daga gare Shi muka zo, kuma can duk muka dosa. Ni ƙanin matarka ne, wanda ya fi kowa tsokanarka, yau ga shi ni aka bar wa rubuta ta'aziyyarka. Wallahi ban so ba.

Duk wanda ya kamata ya ji ya ji, an zo an yi mana gaisuwa, saura mutum ɗaya. Wani dattijo ne makaho, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa, da kuke hira da shi ta rediyo kowace Asabar da safe, shekara da shekaru. Tsohon Jirgi kake ce masa. Ba ku taɓa haɗuwa ba, ba mu da lambar wayarsa, ba mu san ƙofar gidansa ba. Yaya, matarka, ta kasa cin abinci saboda shi. Cewa take, bawan Allah yana can yana ta kira, zai ɗauka ka gaji da shi ne.

Aikinka na ofis harhaɗa magunguna ne a asibiti, amma ranka yana ɗakin nan na bayan kicin. Tsofaffin rediyoyin oba-oba, irin waɗanda masu sha'awa ke kiran juna da su daga nesa, su ne jarabarka. 'Yan gwangwan duk sun san ka. Da an kawo musu wani akwatin ƙarfe mai tsatsa da maɓallai sai su aiko a kira ka, ka je ka sayo, ka rungumo shi kamar jariri. Na sha ce maka mai wankan gawa, kai kuma ka ce rediyon ba mutuwa ta yi ba, barci take. Sai ka zauna da ƙaramin buroshi kana share ƙurar shekaru, ka zare ƙananan kwalaben nan masu haske da ke cikinta ka goge su ɗaya bayan ɗaya, ɗakin ya cika da warin dalma. Wata rediyon sai ta ci maka rabin shekara. Ranar da ta yi magana kuwa har maƙwabta sai sun sani, don za ka fito tsakar gida ba takalmi kana kiran Yaya ta zo ta ji.

Dokokinka biyu ne, kuma ba ka ɗaga wa kowa ƙafa a kansu. Ta farko, ba a sa wa tsohuwar rediyo wuta kai-tsaye. Sai ka haɗa ta da kwan fitila a tsakani, ka riƙa ƙara mata wuta kaɗan-kaɗan kana kallon kwan. In ya haska da ƙarfi akwai matsala a ciki, a kashe. In ya dushe, lafiya. Ranar da na ɗauki wayar wata zan cusa a soket don in taimaka maka, ka buge mini hannu, ka ce, "Kai in ka tsufa haka kake so a tashe ka?" Ta biyu ita ce ta ba ka sunanka Kunne a cikin abokan harkar: kafin ka yi magana, saurara. Kai kam har ka wuce misali. Sai ka yi shiru da abin ji a kunne har shayinka ya huce.

Wannan sauraron ne ya haɗa ka da Tsohon Jirgi. Rediyonsa ba ta da ƙarfi, muryarsa can ƙasa take a cikin ƙugi, ya daɗe yana kira ba mai amsawa don kowa sauri yake. Kai ka tsaya ka ji shi. Daga baya ya gaya maka cewa tun da idanunsa suka tafi, ranakun mako sun cakuɗe masa, da Asabar ɗinka yake gane inda aka kwana.

Halinka ke nan ko ba a ɗakin rediyo ba. Tsofaffin da ke zuwa karɓar magani sukan tsallake layin wani su jira naka, don kai ne za ka bari su gama bayani. Ni ma da aikina ya lalace, a ɗakin nan na zauna ina ta zuba, kana ta goge waya, ba ka katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama ka miƙo mini buroshi ka ce in taya ka. Na fita zuciyata sakayau.

Abokinka likitan haƙori, wanda shi ma yake da lasisin yin magana ta rediyo, ya gwada neman dattijon da sabuwar rediyonsa a Asabar ta farko, bai ji komai ba. Ya ce sai dai taka, da doguwar eriyarka da ke kan rufi. Ita kuwa tun kafin ka kwanta ka canja mata wasu kaya ba ka kai ga tashinta ba. In ta ƙone, shi ke nan, babu wata hanya.

Asabar ta biyu muka shiga ɗakin mu uku. Likita ya kai hannu zai jona ta, ban san lokacin da na buge masa hannu ba. Ya dube ni, na dube shi, Yaya ta yi dariyarta ta farko tun ranar Talatar nan, sannan ta fashe da kuka. Muka haɗa kwan fitilarka, muka ƙara wuta a hankali. Kwan ya haska, sai kuma ya dushe. Kwalaben suka yi ja. Likita ya ce to a ina za a nemo shi? Yaya ta nuna wani ɗigo a jikin gilashin mita. Ashe jan farcenta da ya ɓata shekarun baya, har ta yi ta faɗa da yara, kai ka ɗauka ka yi alama da shi. Kunne, ka kyauta!

Likita ya murɗa zuwa ɗigon, muka yi shiru kamar yadda ka koya mana. Can sai ga wata siririyar murya tana kiran lambarka ta rediyo, tana maimaitawa, har ta dishe. Likita ya amsa ya faɗi ko shi wane ne. Dattijon ya ce, "Rediyon tasa ce, na san ƙuginta. Shi yana ina?" Yaya ta karɓi abin maganar ta ce, "Baba, matarsa ce. Allah Ya yi masa cikawa. Bai daina kiranka don ya gaji ba, ciwo ne ya kwantar da shi."

Dattijon ya yi salati, ya ce, "'Yata, ke ce mai kawo shayi. Ina jin ƙarar kofinki duk Asabar." Ya roƙi a bar shi ya yi abin da 'yan harkar ke yi in nasu ya rasu. Ya kira lambarka sau uku, bayan kowane kira ya saurara. Duk rayuwarka ba a taɓa kiran ka ka ƙi amsawa ba sai ranar.

Kafin a kashe ya tambaya, a kunyace, ko zai iya kira Asabar mai zuwa. Yaya ta ce in dai tana raye zai ji ƙarar kofi. Likita ya ɗauki alkawarin zuwa, ni kuma tashin rediyon aikina ne.

Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka. Yadda ka tsaya ka saurari masu raunin murya, Allah Ya saurari addu'ar da suke yi maka. Ina miƙa ta'aziyya ga Yaya da yara, da 'yan'uwanka, da abokan aikinka da na rediyo, da kuma Baba Tsohon Jirgi a duk inda yake. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sa Aljanna ce makomarka, Ya kyautata namu zuwan. Amin.