Ranar da Teku Ta Guje wa Bakabe

Allah ya haɗa ni ɗaki ɗaya da Bakabe a Doha, kuma har yau ban san laifin da na yi ba. Ni Bakatsine ne, direban wani gida a Garrafa. Shi mutumin Argungu ne, yana gadin wani kanti. Ɗakinmu yana wata unguwa da ake kira Matar Ƙadim, a saman wani gidan abinci. Duk wanda ya san tsakanin Katsinawa da Kabawa ya san ba ma gaisawa sai da tsiya. In na ce masa, "Bawana, an tashi lafiya?" sai ya ce, "Lafiya lau, in ban da kwana da bawa a ɗaki ɗaya."

Ɗan masunta ne tun kaka da kakanni, kuma ba ya bari ka manta. Ko shayi muke sha sai ya kawo labarin giwan ruwan da ya taɓa kokawa da shi, kifin kuwa kullum ƙara girma yake yi a bakinsa. Amma duk kifin da ya taɓa shiga tukunyarmu daga firjin kanti ya fito, a sandare.

Tsohonsa masunci ne, ƙarfi ya fara ƙare masa. A gidansu akwai wani babban gora, irin wanda masunta ke kifa ciki a kai su bi ruwa suna su. Na kakansu ne, kuma duk ɗan da aka miƙa wa shi, shi ne magajin gida. Bakaben nawa shi ne babba, ya kuma jima rabonsa da gida, kullum sai ya ce sai baɗi in ya ɗan tara wani abu. Duk Juma'a yana kiran tsohon ta bidiyo, tsohon kuma tambayarsa ɗaya ce: "Me ka kama?" Wata Juma'a ina kwance ina jin su, tsohon ya ce, "Ɗan masunci yana zaune a bakin ruwan da ba a ganin ƙarshensa, yana cin kifin ƙanƙara. Ƙanenka kullum yana ruwa. Goran nan wanda hannunsa ke ƙarnin kifi zan ba."

Ranar ban tsokane shi ba, don na ga abin ya taɓa shi ƙwarai. Na bari sai washegari.

Matsalar ita ce a nan babu inda zai shiga da homa ya yi su irin na gida. Abin da talaka ke iya yi shi ne fatsa daga bakin teku, shi kuwa a wurinsa fatsa wasan yara ne. Da ƙyar ya haɗiye girman kai muka nufi wani shagon kayan kamun kifi a wajen unguwar Asmak. Ƙarshen wata ne, an riga an aika wa gida, abin da ya rage a aljihunmu bai taka kara ya karya ba. Ni rakiya na je, amma da na ga yadda yake hura hanci a bakin shagon sai na ƙudura ni ma zan saya, ko don in ɓata masa rai.

Mai shagon Ba'indiye ne mai haƙuri. Sanduna ga su nan jere har rufi. Akwai na cikin gilashi, waɗanda da muka ji kuɗinsu muka yi musu fatan alheri muka wuce, don da kuɗin ɗaya sai ka yi layya har ka ba maƙwabci cinya. Akwai masu shigewa cikin juna kamar eriyar rediyo. Bakabe ya riƙa ɗauka yana lanƙwasawa, yana kaɗawa, har da shinshinawa. Na tambaye shi ko daddawa muka zo saye.

Mai shagon ya tambayi inda za mu. Da ya ji bakin teku ne, ya sauko da wata doguwa wadda ta ninka tsawona, ya yi mana bayani da guntun Larabci da hannu cewa ruwan nan ba shi da zurfi a baki, sai an jefa ƙugiya can nesa. Bakabe ya yi dariya. Ya ce da ni da Hausa, "Gaya masa masunci ba ya aika wa kifi saƙo daga nesa, zuwa yake yi ya same shi." Ya zaɓi wata gajera, mafi araha a shagon, ya ce a gida yara sandar gora suke sarowa su yi wannan aikin, ba zai zuba kuɗi a kan sanda ba. Na ce to ai ga shi yau sai da gora za a ceto gora. Bai yi dariya ba.

Ni na ɗauki doguwar. Marfin gindinta ya tsage, saboda haka aka yi mini ragi, na ƙara matsawa har mai shagon ya ɗaga hannu ya ce, "Kalas, ɗauka." Aka haɗa mana da abin naɗe zare, da ƙugiyoyi, da dalma. Bakabe ya nemi tana, aka ce ƙasar nan babu tana, sai jatan lande. Ya ce kifin da ke karya kumallo da jatan lande ya fi mu gata.

Juma'ar da ta biyo, bayan an sauko daga masallaci, na roƙi kafil ɗina, wato maigidan da nake wa tuƙi, aron mota muka tafi garin Wakra. Muka sauka da sandunanmu, muka nufi teku. Babu teku. Yashi ne jiƙaƙƙe da taɓo shimfiɗe, ruwan yana can nesa yana ƙyalli. Ni ɗan tudu ne, ban san yadda ya kamata abin ya kasance ba, na juya ga gwani. Gwani ya riƙe ƙugu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "An rufe dam."

Na ce dam ɗin wa? Ya ce ko dai an rufe dam, ko kuma rani ne ya kama ta, sai damina. Haka gulbinsu yake yi, kuma ruwa duk ruwa ne. Na nuna masa wasu mutane da suka kafa kujeru a kan yashi suna shan shayi, sandunansu a jingine, ba su da alamar damuwa. Ya ce waɗannan 'yan fatsa ne, me suka sani. Ya naɗe wando ya bi ruwan da ƙafa.

Ni na zauna kusa da masu shayi, aka ba ni kofi ɗaya. Can sai na ga ruwa yana rarrafowa ta ramukan yashi, shiru, ba hayaniya. Kafin wani lokaci ya zagayo ta bayan mutumina. Ban taɓa ganin Bakabe yana gudun ruwa ba sai ranar. Ya taho yana tsalle, waya a sama a hannu ɗaya, gajerar sanda a ɗayan, takalmi ɗaya ya tafi sadaka. Masu shayi suka miƙe a natse suka ɗauki sandunansu, don abin da suke jira ke nan. Ɗayansu ya gaya mana haka take yi kullum, ta tafi ta dawo, safe da yamma.

Aka fara jifa. Tasa ƙugiyar tana faɗawa inda ruwa bai wuce idon sawu ba. Ni kuma doguwar ta fi ƙarfina, jifan farko na kama bayan rigata. Ya dube ni, ya dubi sandata, ya dubi rana da ta fara yin ƙasa. Ya ce, "Ba ni aron abin nan." Na ce bawa ba ya roƙon ubangidansa a haka. Ya cije leɓe ya ce, "Ranka ya daɗe." Na sa ya maimaita don iska ta ɗauke na farkon.

Gaskiya hannun gado daban ne. Jifa kaɗan ya yi ya gane kan sandar, dalma ta riƙa tafiya har ba na ganin inda take faɗawa. Kafin magariba ya jawo wani kifi da suke kira sha'ari, bai fi tafin hannu ba. Nan take ya kira gida.

Tsohon ya kawo fuskarsa dab da waya ya ƙura ido. Ya ce, "Wannan ai jikan kifi ne. Ina uban?" Na leƙa na ce, "Baba, da sandar Bakatsine ma aka kama shi." Tsohon ya ce, "Shi ya sa ya fito a rame." Mutumina, don ya wanke kansa, ya shiga ba da labarin ruwan: yadda muka tarar ya gudu, yadda ya dawo da kansa, kuma wai kullum haka yake yi, safe da yamma.

Tsohon ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Ruwa mai girma haka, ya tafi ya dawo sau biyu a rana. Kai sau ɗaya ya gagare ka." Ya gyara zama. "Goran yana nan a rataye. Ba a miƙa shi ta waya."

Na ɗauki kifin na koma mota, don akwai kukan da bai kamata Bakatsine ya gani ba. A cikin makon ya nemi hutu, ni na kai shi filin jirgi. Sai da na dawo ɗaki na tarar ya bar mini gajerar a bayan ƙofa, ya kwance doguwar ya tafi da ita.